Shin motar alfarma ta birni za ta iya barin kwalta ta dawo lafiya?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da motar alfarma mai tsayi, irin wadda masu ƙera motoci ke kira kurosoba, tana ja da tayoyi huɗu, kuma rim ɗinta inci 20 ne. Ina so in bar kwalta da ita in bi wata hanyar daji mai yashi da duwatsu, an kuma ce mini akwai rafi a tsakani. Za ta iya? Me ya kamata in yi don mu dawo lafiya, ni da ita?"

Malam, za ta iya, matuƙar ka san iyakarta tun kafin ka tashi. Na daɗe ina koyar da tuƙin daji, kuma abin da na fi gani shi ne ba ƙarancin ƙarfin inji ke kayar da irin waɗannan motoci ba, domin injinsu ya fi na manyan motocin daji da yawa ƙarfi. Abubuwa uku ne suke kayar da su: gefen taya, cikin motar da ke kusa da ƙasa, da zafin da ke taruwa a na'urar raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne motar tana ɓoye wa direba wahalar da take sha. Kwamfutarta tana gyara santsi kafin ka ji shi, kujera tana da laushi, ƙarar waje ba ta shigowa, sai mutum ya yi ta kutsawa har ya kai wurin da motar ta iya shiga amma ba za ta iya fitowa ba.

Ya kamata ka fara da sanin irin motar da kake da ita. A waje ta yi kama da jif, amma ginin cikinta na ƙaramar mota ne da aka ɗaga. Motocin daji na asali irin su Toyota Land Cruiser da Jeep Wrangler ana ɗora bodinsu ne a kan wani firam na ƙarfe mai kauri, su kuwa irin su Lexus RX da ta fito a 1998, da BMW X5 da ta biyo baya a 1999, da Audi Q5 da Volvo XC90, bodi da firam a haɗe suke guri guda. Wannan gini yana da ƙarfi, kuma shi ya sa suke da daɗin tuƙi a kwalta, sai dai bai bar wuri mai kauri da za a ɗaura igiya a fizgi motar ba, zan kuma dawo kan wannan. Babban bambanci na biyu shi ne rashin ƙaramar giya ta daji, wadda ke ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi ko fiye, ta bar mota ta rarrafa a hankali ba tare da inji ko birki sun wahala ba. Porsche Cayenne ta farko, wadda ta fito a 2002, tana da wannan giya, amma kamfanin ya cire ta a ƙirar 2010, domin mafi yawan masu sayen motar ba sa taɓa ta. Da wuya a ce taka tana da ita, saboda haka duk inda motar daji za ta rarrafa, taka za ta nemi ta bi da ɗan gudu, gudu kuwa a kan dutse shi ke fasa abubuwa.

Ka buɗe littafin motar ka nemo lambobi huɗu: tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa, kusurwar hawa ta gaba, kusurwar sauka ta baya, da zurfin ruwan da kamfani ya yarda ta shiga. Yawancin motocin wannan aji tazarar cikinsu tana tsakanin santimita 18 da 22, kusurwar gabansu kuma tana wajen digiri 17 zuwa 25, alhali Wrangler Rubicon ta haura digiri 40. Ma'anar wannan ita ce bambar gaba za ta taɓa tudu kafin taya ta kai gare shi, kuma a bayan wannan bamba akwai lagireto da na'urorin da ke gano abin da ke gaban mota. Kada ka tsaya ga lambar littafi kaɗai, domin an auna ta ne motar babu kaya. Ka loda mutane da kayan da za ka tafi da su, ka durƙusa da fitila da tef na awo ka leƙa ƙarƙashinta. Ka gano inda kaskon baƙin mai yake, da inda salansa ta fi saukowa, da tankin mai, da batir idan motar mai haɗa fetur da lantarki ce. Baƙin faifan da za ka gani ya rufe ƙarƙashin inji yawanci roba ne, an sa shi don iska ta wuce sumul da kuma rage ƙara, ba zai tare dutse ba. Idan kana da niyyar yawaita irin wannan tafiya, a sa maka na ƙarfe ko na alminiyam.

Taya ce ta fi damuna a tambayarka, kuma a kanta zan fi daɗewa. Ka dubi lambobin da ke jikinta. Idan an rubuta 255/45 R20, faɗinta milimita 255 ne, tsayin gefenta kuma kashi 45 cikin ɗari na wannan faɗi, wato kusan milimita 115. Motar daji mai taya 265/65 R17 tana da gefe mai milimita 172. Wannan bambanci na kusan santimita shida shi ne katifar da ke tsakanin dutse da rim. Idan taya mai gajeren gefe ta daki bakin dutse, robar tana matsewa tsakanin dutsen da ƙarfen rim, sai zaren cikinta ya tsinke. Na taɓa durƙusawa gaban irin wannan taya tare da wani ɗalibina, bayan ya taka wani dutse da bai fi girman dunƙulen hannu biyu ba. Iska ba ta fita ba, fitilar gargaɗi ba ta kama ba, amma da na shafa gefen tayar sai na ji wani ƙullutu kamar ƙwan kaza ya taso. Wannan taya ta riga ta mutu, ba ta karɓar faci, kuma da ya hau kwalta da ita ya yi gudu, tana iya fashewa a kowane lokaci.

Saboda haka shawarata ta farko, idan girman birkin motarka zai bar ƙaramin rim ya shiga, ita ce ka samu rim mai inci 18 ko 19 da tayoyin da aka yi don kwalta da daji duka, waɗanda ake rubuta wa A/T, ka tabbata girman da'irarsu da nauyin da suke ɗauka sun dace da abin da kamfani ya tsara. Idan ba za ka canza ba, to ka rage buri, ka tsaya ga hanyar burji da yashi marar zurfi, ka guji duwatsu masu kaifi. Sannan ka ɗaga shimfiɗar but ka ga abin da ke ƙasa, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su da safaya sam. Wasu ruwan liƙe huda da ƙaramin famfo kawai aka ba su, wanda ke toshe hudar ƙusa a tafin taya amma ba ya yin komai ga yagewar gefe. Wasu kuma, musamman BMW, suna zuwa da tayar da ke iya tafiya ba iska, wadda ƙa'idarta ita ce kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba, kuma a kan kwalta aka yi wannan lissafi. Ni ba na barin kwalta sai da cikakkiyar safaya mai girman sauran tayoyin, da jak, da katako mai faɗi da zan ɗora jak ɗin a kai don kada ya nutse, da makullin noti na musamman idan rim ɗin yana da notin hana sata. Wannan ɗan makulli ƙanƙane ne, mutane suna mance shi a gida, kuma in babu shi safayar ba ta da amfani.

Rage iskar taya yana tsawaita tafin da ke taka ƙasa, motar ta riƙa tafiya a saman yashi ba tare da ta tona shi ba. Idan a kwalta kana sa fam 33 zuwa 36 a ma'aunin psi, a hanyar burji mai gargada kana iya saukowa zuwa wajen 28 ko 30. A yashi mai laushi masu tayoyi masu dogon gefe sukan sauko zuwa 18 ko ƙasa da haka, amma da rim mai inci 20 ba na son a yi ƙasa da 22 zuwa 25 sai idan an riga an kafe, domin taya tana iya zamewa daga bakin rim idan aka karya kwana da ƙarfi. A kan duwatsu kuwa, da irin tayarka, ka rage kaɗan kawai. Fitilar gargaɗin iska za ta kama, wannan ba matsala ba ce muddin kai ka rage da gangan. Sharaɗin shi ne kana da geji da famfo mai aiki da batirin mota, kuma ka mayar da iskar kafin ka koma gudun kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana zafi har ta lalace daga ciki.

Yanzu ga batun ja da tayoyi huɗu, wanda mutane suka fi dogara da shi fiye da kima. A yawancin waɗannan motoci akwai wani kuloci mai faifai da yawa a cikin mai, wanda kwamfuta ke matsewa don tura ƙarfi zuwa gaba ko baya gwargwadon buƙata. Tsakanin tayar hagu da ta dama kuwa, galibi babu abin da ke kulle su tare, saboda haka idan taya ɗaya ta tashi sama ko ta hau santsi, ƙarfin yana gudu zuwa gare ta. Dabarar da motar ke yi ita ce ta kama wannan taya da birki don ƙarfin ya koma wa wadda ke da riƙo. Wannan yana aiki sosai, amma yana buƙatar direba ya ba shi dama. Idan ka ji taya tana juyawa a banza kuma ka ji ƙarar birki yana kakkamawa, ka riƙe totur a wuri ɗaya, a matsakaici, na daƙiƙa biyu ko uku. Kada ka saki, kada kuma ka danna har ƙasa. Sau da yawa za ka ji motar ta yunƙura ta haye. Idan ba ta motsa ba, ka tsaya, domin duk wannan aiki gogayya ce, gogayya kuma zafi take haifarwa. Idan kulocin ya yi zafi, motar za ta nuna gargaɗi ta rage ko ta yanke ƙarfin da take turawa ɗaya ɓangaren har sai ya huce, ka wayi gari da mota mai ja da taya biyu a wuri mafi muni. Maganinsa shi ne a tsaya a wuri mai kyau a jira gargaɗin ya ɗauke.

Irin giyar motar ma tana da tasiri. Giya mai kuloci biyu, irin S tronic da ke cikin Audi Q5 da yawa ko PDK ta Porsche Macan, tana zame kuloci ne idan ana rarrafe ƙasa da gudun giya ta ɗaya, don haka ba ta son a daɗe ana jan ciki a kan hawa ko a riƙe motar da totur a gangare. Giyar otomatik ta gargajiya, mai tura ƙarfi ta cikin mai, ta fi jure wannan. A wasu motoci masu haɗa fetur da lantarki, kamar Lexus RX 450h, babu farfela da ta tafi baya, ƙaramin injin lantarki ne ke juya tayoyin baya, kuma an yi shi ne don taimako a kan titi mai santsi, ba don doguwar gwagwarmaya a yashi ba.

Game da maɓallai, ka koyi wurinsu tun a gida. Land Rover ce ta fito da na'urar sauka gangare a hankali a motar Freelander a 1997, sannan ta kawo tsarin zaɓen irin ƙasa a Discovery 3 a 2004, yau kuma kusan kowane kamfani yana da nasa. Ka zaɓi tsarin da ya dace kafin ka shiga wurin, ba bayan ka kafe ba. A yashi da taɓo ka kashe ko ka sassauta na'urar hana zamewa, domin ita tana rage ƙarfin inji da zarar ta ji taya ta juya, alhali a nan kana buƙatar tayar ta ɗan juya. Da ka dawo ƙasa mai tauri ka mayar da ita. Ka kashe tsarin da ke kashe inji idan an tsaya. Idan motar tana da jakar iska mai ɗaga ta, ka ɗaga ta a inda ake buƙata kawai, domin a can sama tayoyin ba su da sauran sararin miƙewa ƙasa, kuma da ka wuce wani gudu za ta sauko da kanta ko da akwai duwatsu a gabanka.

A kan hanya, duk wurin da ba ka ga ƙarshensa ba, ka sauka ka taka shi da ƙafa. Kyamara tana taimakawa, amma tana baje zurfi, rami ya yi kama da inuwa. Idan dutse ya fi tazarar cikinka tsayi, kada ka bi ta kansa yana tsakiyar mota, ka ɗora masa tafin taya ka haye a hankali, ko ka kauce, kuma ka kiyaye gefen taya daga gogar kaifinsa. Ƙaramin kwazazzabo ana tsallaka shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada bamba ta soki ƙasa. Idan manyan motoci sun tona sawu mai zurfi, tudun da ke tsakiya zai ɗauke cikin motarka tayoyi su rataye, don haka ka ɗora taya ɗaya a kan tudun tun daga farko. Ka riƙe sitiyari manyan yatsunka suna waje, saboda idan taya ta daki wani abu yana iya juyawa da ƙarfi. Idan akwai mai nuna maka hanya daga waje, ya zama mutum ɗaya, ya tsaya inda kake ganinsa, kuma ba a ƙasan motar a gangare ba.

Yashi yana son tafiya mai ɗorewa ba tare da tsayawa ba, da kwana mai faɗi, da birki kaɗan. Idan za ka tsaya ka saki totur yashin ya tsayar da kai, kuma ka nemi inda hancin motar zai ɗan kalli gangare. Taɓo kuwa, da tayar kwalta, shawarata ita ce ka kauce masa, domin zanen tayar yana cikewa cikin juyi kaɗan ta koma sumul, kuma babu kwamfutar da za ta samar da riƙon da babu shi.

Tudu ana hawansa a miƙe ana saukarsa a miƙe. Idan motar ta gaza a tsakiyar hawa, kada ka yi ƙoƙarin juyawa, domin a nan ne mota mai tsayi take kifewa. Ka taka birki, ka sa ribas, ka sauko a kan sawunka a hankali. A sauka ka sa giya ta ɗaya da hannu, ka kunna na'urar sauka gangare, ka bar ta ta yi aikinta ko da ƙararta ba ta yi maka daɗi ba, amma ka tuna birki take amfani da shi, don haka a doguwar sauka yana zafi. Kayan da aka ɗora a rufi suna ƙara saurin karkata, kuma yawancin waɗannan motoci kilo 75 zuwa 100 kawai aka yarda a ɗora musu a sama, har da nauyin mariƙin kayan.

Rafin da ka ambata shi ne wurin da kuskure ɗaya ke iya cin inji, ko ya ci rai. Range Rover Evoque ƙira ta biyu an yarda mata ta shiga ruwa mai zurfin santimita 60, BMW X5 kimanin 50, Land Cruiser 70, babbar Range Rover 90, wasu motocin kuwa kamfani bai ba su lamba ba sam, waɗannan ni ba na bari ruwa ya wuce musu tsakiyar rim. Duk waɗannan lambobi na ruwa ne mai kwanciya, a tafiyar da ba ta fi ta ƙafa sauri sosai ba. Ruwa mai gudu lissafinsa daban ne. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu na santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, na santimita 60 kuma yana ɗauke jif da motar ɗaukar kaya. Motar alfarma an rufe ƙofofinta da roba sosai don hana ƙara, wannan kuwa yana sa ta saurin tasowa kan ruwa, tayoyi su saki ƙasa duk da nauyinta ya haura tan biyu.

Idan ruwan yana kwance kuma babu haɗari a shigarsa, ka bi shi da ƙafa da sanda a kan layukan da tayoyinka biyu za su bi, ka ji ƙasan, ka duba gaɓar da za ka fita, domin ita ce ta fi kafe motoci. Idan ba za ka iya tsayuwa a cikinsa da ƙafa ba, motar ma ba za ta shiga ba. Ka buɗe bonet ka ga inda inji ke shaƙar iska, a yawancinsu a bayan ragar gaba yake. Ka bar motar ta ɗan huce, ka sauke gilashi, ka shiga a hankali, ka riƙe gudu ɗaya har ka fita, kada ka watsa ruwa sama. Idan inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da shi ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan ya shiga silinda, fistin zai dake shi, sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe ko ta karye. Injin da aka ja shi waje aka zubar masa da ruwa sau da yawa yana tashi, wanda aka sake murzawa kuwa galibi sai an sauke shi. Bayan ka haye, ka riƙa taɓa birki a hankali na ɗan lokaci don ya bushe.

Idan ka kafe, abu na farko shi ne ka ɗauke ƙafa daga totur. Kowane juyin banza yana ƙara binne tayar har motar ta zauna da cikinta, a lokacin kuma aikin minti goma ya koma na awa biyu. Ka sauka ka duba, ka gwada komawa baya a kan sawunka, ka ƙara rage iska, ka kwashe yashin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota da shebur, ka tura allunan fitar da mota a ƙarƙashin tayoyin, sannan ka tashi a hankali. Shebur da alluna biyu suna warware mafi yawan kafewar da irin motarka za ta yi.

Jan mota da igiya shi ne inda nake roƙonka ka fi yin hattara, domin a nan ake rasa rayuka. Zoben ƙarfen da ake murɗawa a cikin bamba an yi shi ne don jan mota a hankali a kan titi ko hawar da ita bayan motar ɗauka. Ba a yi shi don a fizge motar da ta nutse a taɓo da igiya mai talewa ba. Idan dole ta sa a yi amfani da shi, a murɗa shi har ƙarshe, a share gaban tayoyi tukuna, a ja a miƙe kuma a hankali, ba tare da ɗaukar gudu ba. Kada a taɓa rataya igiya a kan ƙwallon jan tirela, domin yana karyewa ya taho kamar harsashi, kuma ya sha ratsa gilashi ya kashe mutane. Kada a ɗaura a jikin ƙarafan ƙafar mota. Kowa ya matsa gefe, nesa da ta fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, a kuma ɗora bargo ko wani abu mai nauyi a tsakiyar igiyar don ya danne ta idan ta tsinke.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, wato busasshiyar ciyawa. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana kai wa zafin ɗaruruwan digiri, ta motar dizal kuma tana kai wa wajen digiri 600 lokacin da take ƙona tokar da ta tara. Kada ka ajiye motar a kan doguwar ciyawa busasshiya, kuma idan ka ratsa ta ka tsaya ka cire abin da ya maƙale a ƙasa, ka kuma ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai. Ka tafi da mota ta biyu idan da hali, ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka sauke taswira a waya tun da sauran sabis, ka ɗauki ruwan sha fiye da na kwana ɗaya, kuma ka lissafa mai da yalwa domin yashi yana shan mai sosai. Ka karanta takardar inshorarka da ta garanti, saboda wasu ba sa biyan ɓarnar da ta faru a wajen hanyar da hukuma ta sani.

Da ka dawo bakin kwalta, ka tsaya ka mayar da iskar tayoyi, ka shafa gefensu ciki da waje kana neman ƙullutu ko yanka, ka leƙa ƙasa ko wani abu yana ɗiga ko yana reto. Idan sitiyari ya fara rawa da ka ɗauki gudu, galibi taɓo ne ya bushe a cikin rim, wanki zai kawar da shi. Idan rawar ta ci gaba bayan wanki, ko motar tana ja gefe ɗaya, a duba rim da saitin ƙafa. A gida a wanke ƙarƙashin motar da ragar lagireto da ruwa marar ƙarfin feshi, a duba matatar iska, a duba robobin da ke rufe gaɓoɓin aksil ko ƙaya ta yaga su. Idan kuma ka shiga ruwa mai zurfi, ka sa makaniki ya buɗe man aksil da na na'urar raba ƙarfi ya gani, in ya tarar launinsa ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, a zubar da shi a sa sabo kafin motar ta sake yin doguwar tafiya.